Keke da Mota: Tarihin Wata Gaba a Titunan Kano

A titunan Kano na yau babu wanda aka raina kamar mai keke. Direban tirela gani yake motar gida ta tare masa hanya, mai motar gida yana jin haushin ɗan sahu mai tuƙa babur mai ƙafa uku, ɗan sahu yana matse mai babur, amma dukkansu bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa mai keke ba shi da hurumi a kan kwalta. In ya bi gefe a tura shi kwata. In ya ɗan shigo ciki a cika masa kunne da oda, a leƙo ta taga a ce, "Kai malam, ka gaji da duniya ne?" Shi kuma ya raka motar da harara da "Allah ya isa." Yaran da suka buɗe ido suka tarar da haka zato suke tun asali haka abin yake. Gabar nan kuwa tana da mafari, kuma mu da muka ba sittin baya a kan idonmu aka shuka ta.

Keke ya riga motar gida zama ɗan gari. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, kuɗi suka fara shiga hannun manomi da ɗan kasuwa. Mota a wancan zamani ta Turawan mulki ce da sarakuna da 'yan tsirarun attajirai, sai manyan motocin da ke jigilar buhunan gyaɗa zuwa tasha. Abin da talaka mai rufin asiri zai iya sa wa rai shi ne keke. In kaka ta yi kyau, magidanci ya sayar da gyaɗarsa ko audugarsa, ya biya haraji, ya ɗinka wa iyali sutura, abin da ya rage ya nufi kanti da shi. Raleigh, wanda ake ƙerawa a garin Nottingham na Ingila, shi ne sarkinsu. Akwai Hercules, daga baya kuma Phoenix ya shigo daga ƙasar Sin. Kasuwar ta kai ga kamfanin Raleigh ya kafa wurin haɗa keke a nan Kano.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne a zamanin En'e, kuma baƙin Raleigh ɗinsa shi ne ofishinsa. A kansa yake zaga ƙauyuka, jakar takardu ɗaure a kariya, bakin wandonsa na dama a naɗe don kada sarƙa ta kama. Haka malamin makaranta, haka duba-gari, haka masinja, haka malamin asibiti. Keken yana da lasisi, ana biyan kuɗinsa, ana maƙala masa ɗan ƙarfe shaidar an biya. Ranar Juma'a da safe mu yara muke wanke shi, mu goge wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ɗiga wa sarƙa mai da kansa, don bai yarda kowa ya yi masa wannan aikin ba. Saurayin da ya je zance a kan sabon keke, an yi wa hannunsa ado da roba mai launi, fitila tana ci da dinamo, iyayen yarinya sun san ba da wasa ya zo ba.

Ba zan ce keke bai taɓa takura wa kowa ba. Jakai sun sha firgita da shi, tsofaffi sun sha yi wa samari faɗa a kan gudu a cikin lungu, 'yan talla sun sha ɓarin tire. Amma mai keke mutum ne da ake ganin fuskarsa. Yana da ƙararrawa, yana kuma da baki. In ya zo wuce majalisar dattawa sai ya sauka, ya tura keken da hannu, ya yi sallama, sai ya gota sannan ya sake hawa. In tsautsayi ya sa ya buge wani, abin bai wuce ƙujewa ba, kuma an san ɗan gidan wane ne, kafin magariba an je an ba da haƙuri. Ladabin hanya a lokacin ladabin unguwa ne kawai aka fito da shi waje.

Kawuna yana da rumfar gyaran keke a gindin wata darbejiya. A wurinsa na koyi faci: a zare tif, a hura, a tsoma cikin ruwan kwano a nemi inda kumfa ke fita, a kankare, a shafa gam, a jira ya sha iska kafin a manna. Yana kuma ba da hayar ƙananan kekuna, yaro ya biya 'yan kwabbai ya yi zagaye a fili har lokacinsa ya cika. Kusan duk wani direban da ya girme ni a garin nan a irin wannan fili ya fara sanin birki da kwana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin direban da ya taɓa zama a kan sirdi ya san yadda iskar babbar mota ke fizgar mutum in ta wuce shi kurkusa.

Shekarun 1970 ne suka juya al'amarin. A watan Afrilu na 1972 Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma hannun dama. A ƙarshen 1973 farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni, kuɗi suka kwararo wa gwamnati. Sai ga ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata a farkon 1975 har da bashin watannin baya a dunƙule. A shekarar ce kuma kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Ƙaramin ma'aikaci ya jingine kekensa ya sayi Honda ko Yamaha ko Vespa, babba ya karɓi rancen mota ya fito da 504. Cikin 'yan shekaru keke ya sauka daga abin alfahari ya koma shaidar cewa arzikin mai bai biyo ta ƙofar gidanka ba.

A nan gabar ta samo tushe. Mutumin da jiya-jiya ya sauka daga keke, yau yana bayan gilashi, ba ya son ganin abin da ke tuna masa jiyan. Raini ya shiga, kuma raini a kan titi kisa yake yi. Shi ma mai keke ya fara kallon duk mai mota a matsayin azzalumi mai taƙama da dukiya. Sallama ta ɓace tsakaninsu, oda da zagi suka maye gurbinta.

Titunan da aka shimfiɗa da kuɗin man su ma don mota aka yi su. An faɗaɗa hanyoyi, an raba su biyu, an yi shataletale, amma ba a tambayi ta ina mai keke zai bi ba. Aka bar masa bakin titi, inda yashi ke taruwa, inda kwalta ke gutsirewa, inda mai shago ke baje kaya, inda motar haya ke cin birki ba zato don ɗaukar fasinja. Duk taku kaɗan sai ya kauce wa wani abu, kaucewar kuma cikin titi take jefa shi. Direban da ke tafe a guje daga baya ba ya ganin ramin ko yashin, abin da yake gani kawai mutum ne ya faɗo masa gaba, sai ya kira shi ganganci. Kowannensu yana da gaskiya a inda yake zaune, titin ne ya haɗa su faɗa.

Masu keke ma suna da nasu laifin, kuma faɗinsa wajibi ne. Akwai mai bin hannun da ba nasa ba yana fuskantar motoci. Akwai mai tafiya da daddare ba fitila, ga tufafi masu duhu. Akwai wanda birkinsa ya mutu tun bara, da tafin takalmi yake tsayawa. Akwai mai ɗauro itace ko rake a gicciye, faɗin kayan ya kai na ƙaramar mota. Akwai mai ratsa danja ja kamar ba da shi ake ba. Direban da ya taɓa taka birki da ƙarfi saboda irin waɗannan, zuciyarsa ta buga, ba zai rasa abin faɗa ba. Sai dai hukuncin bai zo daidai da laifin ba. In direba ya yi kuskure, fenti ne ke kankarewa. In mai keke ya yi, ko aka yi a kansa, ƙashi ne ke karyewa, wani lokaci kuma sai dai a kai gawa gida.

Da tattalin arziki ya karye, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, an yi zaton keke zai dawo da martabarsa. Achaɓa ce ta cike gurbin. Babura suka mamaye bakin titin da aka bar wa mai keke, suka ƙara matse shi. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, kuma littafin dokokin hanya ya lissafa mai keke cikin masu haƙƙin amfani da titi, amma direbobi nawa ne suka karanta shi kafin su karɓi lasisi? A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya tashi haiƙan yana kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, shi kansa yana zuwa aiki a kai. Wata motar bas ta ture shi cikin kwata a Abuja. Mutane da yawa dariya suka yi, suka ce shi ya ja wa kansa. Dariyar nan ta nuna inda muka kai: minista guda ma, da zarar ya hau keke, ya zama wanda ba a ganin laifin wanda ya buge shi.

Sauran tarihin kusa ne, kowa ya shaida. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da babura masu ƙafa uku na A Daidaita Sahu. A watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a babur, achaɓa ta mutu a cikin birni, 'yan sahu suka ninka. A Maiduguri, inda aka hana babura tun 2011, jama'a da yawa keke suka koma, wanda ke nuna cewa mutanenmu ba su manta shi ba, buƙata kawai suke jira. A Kano kuwa zamanin gadoji ya shigo: gadar sama a Ƙofar Nassarawa, ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya, ga ta Dangi. Sun rage cunkoso, ba mai musu. Amma a tsaya a bakin ɗaya daga cikinsu a kalli dattijo da buhu a kariya yana neman ta inda zai ratsa, za a gane ba a sa shi a lissafi ba.

Rikicin man 1973 da ya sauke mu daga keke, shi ne ya taimaka wa wata ƙasa ta koma kansa. A Holan ma motoci sun mamaye garuruwa bayan yaƙin duniya na biyu. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a haɗuran hanya a can, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka kafa ƙungiya suna zanga-zanga a kan a daina kashe musu 'ya'ya. Da ƙasashen Larabawa suka hana ƙasar mai a ƙarshen 1973, gwamnati ta hana fita da mota ranakun Lahadi na wani lokaci, mutane suka ga yadda garinsu yake in babu ita. Daga nan aka shiga ware wa keke hanyarsa daban da ta mota, aka rage gudu a cikin unguwanni, doka kuma ta ɗora wa mai mota kaso mafi nauyi na diyya in ya buge mai keke ko mai tafiya a ƙasa. Direbobin Holan ba su fi namu tausayi a halitta ba. An gina musu titin da ba ya haɗa su faɗa, kuma yawancinsu su ma masu keke ne in sun ajiye motar.

Yau tarihi ya sake kawo mu mararraba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Kekunan da suka yi shekaru a jingine a zaure an kakkaɓe su, masu faci sun sake samun ciniki. Wanda ke kan keke a titin Zariya ko titin Katsina da safe yanzu yana iya zama malamin firamare, ko ɗalibi, ko ma'aikacin da motarsa ke lulluɓe a gida. Sun dawo kan hanyar da ta fi ta da gudu, ta fi ta da cunkoso, ga rainin nan yana nan inda aka bar shi.

Kano gari ne shimfiɗaɗɗe, irin garin da keke ke so. Abin da ya rage aikin mutane ne. Hukuma, duk titin da za a gina ko a gyara, a ware wa keke gefensa da shinge na kankare, a hana kasa kaya da ajiye mota a kai. Masu koyar da tuƙi su sa wa ɗalibansu a kai cewa mai keke ba alfarma ake yi masa ba. Ɗan'uwa mai keke, ka gyara birkinka, ka sa fitila gaba da baya, ka bi hannunka, ka tsaya a danja. Kai kuma direba, in ka hango shi, ka sassauta, ka ba shi tazara kafin ka wuce. Malamanmu sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da cuta daga kanta ibada ce. Jinkirin da zai jawo maka bai kai minti ɗaya ba, ran da ke kan keken nan kuwa in ya tafi, babu diyyar da za ta mayar wa 'ya'yansa da uba.