Zanen mashahuran masu fasaha a jikin jaka da agogo

Kamfanonin kayan ƙawa na Turai sun jima suna ɗora shahararrun zane-zane a kan jakunkuna da gyale da agogo.

A shekarar 2017 kamfanin Louis Vuitton na Faransa ya haɗa gwiwa da mai fasaha ɗan Amurka, Jeff Koons, inda suka fitar da jakunkuna masu hoton Mona Lisa.

Leonardo da Vinci na Italiya ne ya soma wannan zane wajen 1503, kuma yana ajiye a gidan tarihi na Louvre da ke birnin Paris.

A 2021 kuma kamfanin Swatch ya ƙera agogo mai zanen dare da taurari, wanda Vincent van Gogh ɗan Holan ya yi a 1889.

Kamfanoni na samun wannan dama ne saboda a ƙasashe da dama, har da Najeriya, haƙƙin mallakar zane kan ƙare shekaru 70 bayan mutuwar mai shi.

Ga mai saye a kantunan Gyadi-Gyadi ko Tarauni a Kano, akwai kuma batun addini.

Malamai da dama na ƙyamatar yin salla da tufa mai hoton abu mai rai, amma galibinsu ba sa ganin laifin zanen itatuwa ko sararin samaniya.

Bisa wannan fahimta, zanen taurarin van Gogh bai shiga cikin saɓanin ba, haka ma dagin Arewa da masu ɗinkin hula suka saba yi.