Yadda Farashin Mai Ya Shiga Kwanon Awo a Gaya da Ajingi

Tarihin baka ya ce wani maƙeri ne daga Gaya ya bi sawun tama har Dutsen Dala, shi ya sa ake kiran zuriyarsa Abagayawa. Tun wancan zamani har kusan jiya-jiya, makamashin wannan yanki bai wuce itace da gawayi da kara da ƙarfin damtse ba. Mace ta surfa geronta a turmi, ta niƙa a dutse, ba ta biya kowa ko kwabo ba.

Injin niƙa ne ya sauya lissafi. Da ya shigo ƙauyuka, tuwon dare ya rataya a kan farashin mai, sai dai ba a ji nauyin ba saboda man na da araha. Lantarki kuwa bai taɓa zama abin dogaro ba. An kafa hukumar lantarki ta NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, kamfanin KEDCO ya karɓi rabon wuta a wannan yanki a 2013, amma mai niƙa a Ajingi bai fasa ajiye jarkar mai kusa da injinsa ba.

Sai arahar ta fara zarewa. An janye tallafin kananzir a 2016, risho ya koma ƙarƙashin gado. Dizal ya yi tashin gwauron zabo a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a Oktoban 2024.

A kanti abin ya fi fitowa fili. Mai kanti daga Kasuwar Singa yake saro kaya, mota ta biyo da su ta Wudil, kowane katan da kuɗin motarsa a kai. Magidancin da ke sayen buhu ya koma kwano, mai kwano ya koma gwangwani. Duba teburin mai kanti da yamma: sukari ƙulli-ƙulli, man gyaɗa a leda, taliya an karya ta biyu, ga littafin bashi ya yi kauri. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya ƙara masa na'urar POS, wadda ita ma sai da caji. Abin takaicin, manomin da ya sayar wa dillalan Dawanau hatsi da kaka, shi ne ke sayensa da tsada da damina. A Yunin 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar ta haura kashi 40 cikin ɗari.

Da Arewa ta shafe fiye da mako cikin duhu a Oktoban 2024, masu sola suka ci kasuwa. Faifai biyu da batir sun isa shagon cajin waya. Juya injin niƙa kuwa sai jari mai kauri, don haka har yau mai niƙa sai ya ji kuɗin lita kafin ya yanka kuɗin kwano.