Daga Guzuri Zuwa Fasfo

A zamanin kakanni, maniyyaci daga Kaugama guzuri yake nema da abokan tafiya. Sai ya bi gabas ta Barno da Wadai har Sudan, yana yada zango yana noma ko ƙodago, wani ya shekara biyar bai ga Makka ba. Da yawa sun zauna a Sudan. Jikokinsu na nan a Mai Wurno, garin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Turawa suka sauya lissafi. Ingila da Faransa sun shata iyaka a arewa, Haɗeja ta faɗa hannun Ingila a 1906, sannu a hankali takarda ta zama sharaɗin tafiya. A 1958 aka cire sashen shige da fice daga cikin 'yan sanda, fasfo mai na'ura kuma ya zo a 2007.

Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya jingina zama ɗan ƙasa ga asalin iyaye ko kakanni. Shi ya sa manomin fadamar Haɗeja ke fara karɓo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, ya haɗa da lambar NIN, kafin ya nufi ofishin fasfo a Dutse.