Yadda Ƙuri'a Ɗaya Ta Ceci Na'urar Naɗar Bidiyo

A ce akwai shirin da kake so a talabijin, amma lokacin da ake saka shi kana wurin aiki. Sai ka naɗe shi, da dare ka kalla. To idan ka tura shi cikin wayarka don ka kalla a mota fa? A ganinka duk ɗaya ne, ko? A wurin lauyoyin Amurka ba ɗaya ba ne, kuma dalilin yana da tarihi.

A 1975 kamfanin Sony ya fitar da na'urar Betamax, wadda ke naɗar shirin talabijin a kaset. Shekara ɗaya bayan nan, kamfanonin fim na Universal da Disney suka maka shi a kotu a Kalifoniya. Hujjarsu ita ce, duk wanda ya naɗi fim ɗinsu ya keta haƙƙin mallaka, kuma Sony ne ya ba shi makamin. Kotun farko ta ba Sony gaskiya a 1979, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin a 1981.

Sai Kotun Ƙoli. Sau biyu aka saurari shari'ar, don alƙalan sun kasa tsayar da magana a karon farko. Ranar 17 ga Janairu, 1984, biyar suka goyi bayan Sony, huɗu suka ƙi. Mai shari'a John Paul Stevens, wanda ya rubuta hukuncin, ya dogara da sashe na 107 na dokar 1976, wato ƙa'idar amfani bisa adalci. Ƙa'idar tana duba me ka yi da aikin, wane irin aiki ne, nawa ka ɗauka, da kuma ko ka taɓa wa mai shi kasuwa. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau. Kotun ta ce shirin da aka watso maka kyauta har cikin ɗakinka, don ka jinkirta kallonsa ba ka rage wa kowa ko sisi ba. Har Fred Rogers, mai shirin yara, ya ba da shaida cewa shi bai damu a naɗi nasa ba.

Abin dariya, su masu ƙarar daga baya sun kwashi maƙudan kuɗi daga sayar da kaset da ba da hayarsa. Mu ma nan, ai a kan kaset ɗin bidiyo harkar fim ɗin Hausa ta tashi a Kano.

Amma lura, lokacin kallo kawai hukuncin ya yi magana a kai, bai ce komai kan canza na'ura ba. A 1999, a shari'ar wata 'yar na'urar sauraron waƙa mai suna Rio, kotun ɗaukaka ƙara ta ce mutum ya mayar da waƙarsa wata na'ura amfanin kansa ne, ba ciniki ba. Sai dai wata doka daban ake shari'a a kai, wannan maganar a gefe ta zo. Kafin nan ma, dokar 1998 ta haramta fasa makullin da kamfani ya sa wa fayil, ko da niyyarka mai kyau ce.

A 2005 TiVo ya sanar cewa masu na'urarsa za su iya tura shirye-shiryen da suka naɗa zuwa iPod. A shekarar ce kuma Apple ya fara sayar da shirin talabijin, kashi ɗaya a kan dala 1.99. Ka ga inda gizo ke saƙar? A 1984 babu kasuwar da za a ce ka taɓa, yanzu kuwa ga ta da farashinta. Ni dai ina ganin wannan hujja tana da ɗan son kai, tunda kamfani na iya ƙirƙiro kasuwa a duk inda yake son toshe maka hanya. Amma ta yi tasiri. A 2012, da kuma 2015, Laburaren Majalisar Amurka, wanda ke da ikon sassauta dokar makullin, ya ƙi yarda a fasa faifan DVD don kawai a mayar da fim ɗin cikin waya.