Daga Allon Yumɓu Zuwa Kotu: Tarihin Dokar Karayar Arziki

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Tarihin daulolin farko ya tabbatar da haka, domin tun ranar da mutane suka taru a birni ƙarƙashin sarki ɗaya, aka fara tambayar yadda za a yi da wanda ya ci bashi ya kasa biya.

A kudancin Iraƙi ta yau, tsakanin kogunan Dijla da Furatu, aka kafa wasu daga cikin biranen farko na duniya, kamar Uruk da Ur da Lagash. Rubutu ya bayyana a Uruk wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma mafi yawan allunan yumɓun farko da aka tono lissafi ne na sha'ir da tumaki da rabon ma'aikata. Fada da ɗakunan bauta su ne manyan rumbuna. Manomi kan ranci iri ko abinci kafin girbi, ya biya a masussuka. Ruwan bashin ya yi nauyi: kashi 20 cikin ɗari a kan azurfa, kashi ɗaya cikin uku a kan sha'ir. Idan damina ta yi kyau, ya fita. Idan fari ko ambaliya ta zo, sai ya jinginar da gona, daga nan ɗiya ko ɗa su tafi aikin bauta gidan mai bin bashi, ƙarshe shi ma ya bi su.

Sarakuna sun gane cewa wannan hanya daula take ci. Manomin da ya zama bawan wani attajiri ba ya biyan haraji, ba ya fita gyaran madatsar ruwa, ba ya ɗaukar mashi ranar yaƙi. Saboda haka wajen shekara ta 2400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Enmetena sarkin Lagash ya yi shelar yafe basussuka tare da mayar da 'ya'ya ga iyayensu. Sarakunan Babila suka mayar da abin al'ada, musamman a farkon hawa gadon sarauta. Shelar Ammisaduƙa, wanda ya hau mulki wajen 1646, ta nuna yadda ake yi dalla-dalla: an soke bashin sha'ir da azurfa na talakawa, allon da aka rubuta bashin ya zama banza, amma kuɗin da ɗan kasuwa ya karɓa domin fatauci yana nan, sai ya biya. Wato tun wancan zamani an raba bashin yunwa da bashin neman riba.

Kakan kakansa Hammurabi, wanda ya yi mulki daga wajen 1792 zuwa 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa an sassaƙa dokokinsa a kan baƙin dutse, wanda aka tono a Susa a 1901, yanzu kuma yana gidan tarihi na Louvre a Faransa. Doka ta 48 ta ɗauke wa manomi biyan hatsi da ruwan bashi a shekarar da ambaliya ko fari ta halaka gonarsa. Doka ta 117 ta ƙayyade cewa matar mutum ko 'ya'yansa da aka bayar saboda bashi za su yi aiki shekara uku, a ta huɗu a sake su.

A Atina ta ƙasar Girka, rikicin ya kusa kai wa ga yaƙin basasa. Gonaki sun cika da duwatsun alamar jingina, an sayar da wasu 'yan ƙasa bayi a ƙetare. A 594 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka damƙa wa Solon ragamar gyara. Ya sa aka tumɓuke duwatsun, ya dawo da waɗanda aka sayar, ya kuma haramta wa ɗan Atina jinginar da jikinsa. Rum ta fi jinkiri. Dokokinta na wajen 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sun ba wanda ake bi bashi kwana 30, bayan haka a ɗaure shi kwana 60, a kai shi kasuwa sau uku ko wani zai fanshe shi, in ba a samu ba a sayar da shi hayin kogin Taiba. Sai a 326 aka soke bautar bashi, hukunci ya fara komawa daga jikin mutum zuwa dukiyarsa.

Shari'ar Musulunci ta zo da tsari bayyananne a wannan fage. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Mukhtasar na Khalil, suna da babin falas: alƙali ya hana wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa taɓa ta, ya sayar, ya raba wa masu bi gwargwadon haƙƙin kowa, ya bar masa abin ci da sutura.

Ingila ta yi dokarta ta farko a 1542, zamanin Sarki Henry na takwas, kuma kallon mai laifi ta yi wa wanda ya karye. A farkon ƙarni na 18, zamanin Sarauniya Anne, aka yarda a yafe wa ɗan kasuwa ragowar bashi idan ya miƙa dukiyarsa da gaskiya, mai ɓoyewa kuwa hukuncinsa kisa. Duk da haka gidajen kason masu bashi sun ci gaba da cika. A 1824 an kulle mahaifin marubuci Charles Dickens a Marshalsea, yaron na shekara 12 yana aikin manna takarda a kwalaben man takalmi. Sai a 1869 aka rufe wannan babi ga mafi yawan basussuka. Amurka kuma, a dokarta ta 1978, ta tanadi sashe na 11, wanda ke barin kamfani ya ci gaba da aiki yayin da yake sasantawa da masu binsa. Nijeriya ta bi wannan layi a dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta kawo hanyoyin ceto kamfani kafin a kai ga rushe shi.

Darasin shekaru fiye da dubu huɗu ɗaya ne. Haƙƙin mai bin bashi wajibi ne a tsare shi, in ba haka ba babu mai ba da rance. Maƙetaci mai ɓoye dukiya kuma ya cancanci hukunci. Amma manomin da fari ya cinye wa gona, da ɗan kasuwar da gobara ta lashe wa rumfa, ƙasa ce ke asara idan aka bar su a kwance. Ya kamata 'yan majalisa da alƙalai da shugabannin kasuwanni su tabbatar cewa sassaucin da doka ta yi wa manyan kamfanoni ya isa ga ƙaramin ɗan tireda, domin shi ma yana da haƙƙin sake tashi.