Daga gandu zuwa kuɗin aike: yadda ciwon sukari ya iske tsofaffinmu su kaɗai

A ƙasar Kance, da can ba a tambayar wa zai kula da tsoho, domin tsarin gidan da kansa ya riga ya ba da amsa. Yau kuwa a Icirnawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita tambayar ta zama ta gaske, kuma ta zo daidai lokacin da wani ciwo mai bukatar kulawar kullum, wato ciwon sukari, yake ƙara bayyana a tsakanin dattawa. Ina so in bi tarihin yadda waɗannan abubuwa biyu suka haɗu, domin ina ganin mu malamai da iyaye ne muka fi kowa damar yin wani abu a kai.

Mu fara da gida. Ginshiƙin rayuwar manomin Bahaushe shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa maza masu aure suna noma babbar gona tare, a zuba hatsin a rumbu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya, kowane ɗa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa a ranakun da aka ware masa. Maigida ke biyan haraji, shi ke yi wa samari auren fari. Idan ƙarfinsa ya ƙare, ragamar ta koma hannun babban ɗa, amma tsohon yana nan a zaure ana shawara da shi, tsohuwa kuma tana ɗakinta da jika ɗaya ko biyu da aka ba ta riƙo. Masanin nan na Faransa, Guy Nicolas, wanda ya yi bincike a ƙasar Kance a shekarun 1960, ya nuna yadda kyauta da biki da ramuwar biki suke ɗaure mutane da juna. Ba na cewa zamanin aljanna ne. An sha yunwa, kamar ta Kakalaba a 1913 zuwa 1914, kuma a lokacin samun 'yancin kai a 1960 matsakaicin tsawon rai a Nijar bai kai shekara 40 ba. Tsofaffi ba su da yawa, amma wanda Allah ya ja kwanansa ba ya rasa mai miƙa masa ruwa.

Gyaɗa ce ta fara sassauta wannan ɗauri. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa har ya mamaye Daura da Magarya da Matamaye, ga kuma harajin Nasara da sai da kuɗi ake biyansa. An kafa masana'antar man gyaɗa a Matamaye, gwamnatin Diori Hamani kuma ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayen amfanin. Saurayin da ya sayar da gyaɗar gayaunarsa ya riƙe kuɗinsa a aljihu, sai ya ga zai iya yin aure ba tare da jiran maigida ba. Gandu ya fara rabuwa tun uba yana da rai. Sai farin 1973 zuwa 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, yunwar 1984 ta ƙarasa. Jama'a na ƙaruwa, gona na tsukewa da rabon gado, har gundumar Kance ta zama ɗaya daga cikin wuraren da mutane suka fi cunkoso a duk faɗin ƙasar. Cin rani da a da ake tafiya bayan girbi a dawo da saukar ruwa, sai ya zama zaman shekaru a Kano da Legas da Agadas da Libiya.

Daga baya mata ma suka bi hanya. Duniya ta san sunan Kance a watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya. Ƙishirwa ce ta kashe su bayan motocinsu sun lalace: yara 52, mata 33, maza 7, da yawansu daga wannan yanki namu. Daga Disamba 2014 aka fara dawo da 'yan Nijar daga Aljeriya ayari-ayari, a 2015 aka yi dokar hana safarar baƙin haure, aka soke ta a Nuwamba 2023. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan waɗanda suka tafi. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne wanda aka bari a gida. Matan da talauci ya tura hamada su ne surukai da 'ya'yan da suke dama wa tsofaffi fura, su yi musu wanki, su lura idan jiki ya canza. Yanzu 'ya'ya na aiko da kuɗi ta waya, Allah ya saka musu, amma kuɗin aike ba ya duba tafin ƙafar tsoho.

Shi kuwa ciwon sukari tsohon ciwo ne. Wata takardar likitancin Masar da aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa ta ambaci ciwon yawan fitsari. Likitocin Indiya na dā sun lura kiyashi na taruwa a kan fitsarin mai ciwon, alamar da tsofaffinmu ma suka sani. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana zaƙin fitsarin da kuma ruɓewar gaɓa da ke biyo baya. A 1889 wasu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda ake kira fankiriyas, sai karen ya kamu da ciwon. Daga nan aka gane inda matsalar take. A 1921, a birnin Toronto na Kanada, Banting da Best suka tatso sinadarin insulin, a Janairu 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurarsa, ya rayu. Ƙwayar metformin da ake ba yawancin manya ta shigo hannun likitoci a Faransa a 1957. Ranar 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, ita ce ranar ciwon sukari ta duniya tun 1991.

Likitocin Turawa na farkon ƙarni na 20 sun ɗauka ciwon ba shi da yawa a Afirka. Wani ɓangare na dalilin shi ne ba a gwaji, wani kuma mutane ba sa kai shekarun da ya fi kamawa. Yau lissafi ya canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da shi a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba.

Me ya canza a wurinmu? Na farko, an fi daɗewa a duniya, matsakaicin tsawon rai a Nijar ya haura shekara 60, irin ciwon da ke kama manya kuwa yana ƙaruwa da shekaru. Na biyu, kwanon abinci. Ƙasarmu ta san zaƙi tun da, ga rake a fadamun Korama, ga zuma da dabino, amma na lokaci-lokaci ne. Yanzu sukari ya shiga fura da koko da shayi mai zagaye uku, shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba sun zama abin da ɗa na kirki ke aiko wa iyayensa don ya nuna ƙauna. Na uku, tsohon da ya daina zuwa gona ya zauna wuri ɗaya. Akwai kuma gado. Sannan akwai wani dalili da ya shafi tarihinmu kai tsaye: binciken da aka yi a kan waɗanda suke cikin ciki lokacin yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945 ya nuna sun fi saura fuskantar matsalar sukari da suka manyanta, a 2025 kuma ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta amince da wani nau'i na ciwon da ke da alaƙa da tamowa. Jariran 1973 su ne masu shekara hamsin da 'yan kai a yau. Don haka maganar nan ta cewa ciwon masu kuɗi ne ko na masu ƙiba, a ajiye ta. Siririn manomi ma yana kamuwa.

Tsarin kiwon lafiyarmu kuwa an gina shi ne don wasu cututtukan daban. Tun yarjejeniyar Bamako ta 1987 aka koma tsarin majinyaci ya biya wani abu. Shirin musamman na shugaba Tandja Mamadu ya gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka daga 2001, a 2006 aka mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta. Matakai ne masu kyau, sun ceci rayuka, amma zazzaɓin cizon sauro da gudawa da haihuwa suka tunkara, abubuwan da ake zuwa a yi magani a koma gida. Ciwon sukari ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rai. Tsohon Icirnawa zai je asibitin yankinsa, a tura shi Matamaye, idan ƙafa ta ruɓe sai babban asibitin Damagaram. Ma'aikacin lafiya zai gan shi na minti kaɗan a wata. Sauran kwanakin duka a gida ake jinyar, kuma gidan ne tarihi ya kwashe wa mutane.

Nan kaɗaici ya shigo. Na san wata dattijuwa a wani ƙauye kusa da mu wadda 'ya'yanta ba su taɓa fashin aiko mata da kuɗin magani ba. Ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa, ba ta ji ba, domin ciwon ya riga ya kashe mata jijiyoyin wurin, idonta kuma ba ya gani sosai. Sai da wari ya fito maƙwabciya ta lura. Ba ta rasa magani ba, ido ta rasa. Mai zama shi kaɗai yakan mance ya sha ƙwaya ko bai sha ba, ya ƙi hura wuta don cikinsa ɗaya, ya sha magani ba abinci, sukarin ya faɗi. Damuwa kuma tana sa mutum ya saki jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kan kaɗaici a Nuwamba 2023, rahotonsa na 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da shi. Ingila ta naɗa minista don wannan matsala a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Mu da muke cewa zumunta a ƙafa take, bai kamata mu jira minista ba.

Wa ya rage a gidajen? Jikoki, kuma jikokin nan suna zaune a gabanmu a aji kowace safiya. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya riƙe alamomin ciwon: yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama ba dalili, gani dishi-dishi, gyambon da ya ƙi warkewa, ƙafa tana mutuwa ko tana zugi. Zai iya sanin cewa gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, kuma idan an auna da safe kafin a ci komai aka samu giram 1.26 a lita ko fiye, aka maimaita aka sake samu, to ciwon ne. Zai iya duba ƙafar kakarsa kowace yamma, har tsakanin yatsu, ya hana ta yawo ba takalmi ko kusantar da ƙafa ga garwashi lokacin ɗari. Zai iya sanin cewa idan kaka mai yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin ta soma karkarwa da zufa da sambatu, ba iska ba ce, ba rikicin tsufa ba ne. Idan tana iya haɗiya a ba ta ruwan sukari nan take, idan ta suma kada a ɗura mata komai, a garzaya asibiti. Darasin lissafi da na kimiyya za su ɗauki wannan ba tare da an ƙara sisi a kasafin makaranta ba.

Ko ajiyar insulin ba ta gagare mu ba. Wani malamin makaranta daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000 saboda yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don sanyaya kaya. A 2021 kuma binciken Likitoci Marasa Iyaka da jami'ar Janeba ya nuna kwalbar insulin da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Inuwa da gindin randa suna da amfani a watannin bazara.

Sai dai kada mu ɗora wa yara nauyin manya, balle mu cire 'ya mace daga makaranta da sunan jinyar kaka. Yaro ido ne, hannu na manya ne. Iyaye, mu raba kwana a tsakaninmu, a san wa zai leƙa yau, wa zai raka asibiti ranar awo. Wanda ke nesa, idan zai yi aike, ya sa kuɗin gwaji da na mota a ciki, ya rage buhun sukari da katan ɗin lemo, ya kira ya yi hira ba gaisuwar minti ɗaya ba. A bar wa tsoho tuwon gero da dawa da wake da kwaɗon zogale da miyar kuka daidai ciki, a rage zaƙin fura, a ci tare da shi. Kafin azumi a kai shi wurin likita, domin addini ya yi wa mara lafiya rangwame, kuma liman ne ya fi dacewa ya faɗa masa haka. Kada a ajiye maganin asibiti don wani mai lasifika a kasuwa ya ce yana da na warkewa kwata-kwata.

A Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, bincike kuma ya tabbatar abin yana aiki. Wato tsoho ba mai karɓa kaɗai ba ne. Makarantunmu za su iya gayyatar dattawa su ba yara labarin zamanin gyaɗa da yunwar 1984, da yadda manoman Matamaye da Magarya da Mirya suka raya gawo a gonakinsu har ƙasa ta sake yin kore. Yara su sami tarihi daga bakin masu shi, tsoho ya sami dalilin fitowa ya taka ƙafa.

Gandu ba zai dawo yadda yake ba, gonakin ma ba za su isa ba. Amma aikin da yake yi wa tsoho, wato a gan shi kullum, a ci da shi, a ji maganarsa, ana iya raba shi tsakanin dangi da maƙwabta da masallaci da makaranta. Kafin 14 ga Nuwamba mai zuwa, kowane malami ya tambayi ajinsa su wa ke da kaka mai kwana ita kaɗai, ya rubuta, ya kai maganar taron iyayen yara. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.