Nishita mutum ne, ba manhaja ba

Jiya wani ɗan'uwa cikin masu zanen gini ya buga ƙirji ya ce wai manhajar zane ta Blender ce ta ƙirƙiro sararin samaniyar da ake kira Nishita a 2020, kuma kafin nan babu mai iya saita rana a kwamfuta. Na so in wuce, sai na ga mutane suna ta yi masa jinjina. To malam, gyara zama. Abin da ya faru a 2020 shi ne Blender 2.90 ta saka wannan lissafi cikin kayan aikinta, amma lissafin kansa ya girmi yawancin masu jinjinar.

Tomoyuki Nishita ɗan Japan ne, ɗalibin Farfesa Eihachiro Nakamae a Jami'ar Hiroshima. Ya yi aiki a kamfanin motoci na Mazda kafin ya koma koyarwa a Jami'ar Fukuyama a 1979. Ku lura, Fukuyama, ba Tokyo ba, balle Kalifoniya. A wancan zamani idan an zana gida a kwamfuta fitila ɗaya ake kafa masa daga nesa a kira ta rana. Inda ta haska ya yi fau, inda ba ta kai ba a shafa masa wani ɗan haske na bai-ɗaya, wanda ba ya da gabas ba ya da yamma. Shi ya sa hotunan lokacin suke kama da kayan roba.

A 1986 Nishita da malaminsa suka kai takarda taron masana zanen kwamfuta na SIGGRAPH da wata magana da duk wanda ya taɓa zama gindin katanga da la'asar ya san ta: inuwa ba duhu ba ce. Rana ba ta taɓa ka, amma kana karanta littafi, domin sama gaba ɗayanta tana zubo maka haske. Sai suka ɗauki sama a matsayin ƙatuwar ƙwarya da aka kife a kan gari, suka yanyanka ta ɓari-ɓari, kowane ɓari ya zama fitila mai nata ƙarfin. Daga kowane wuri a jikin bango kwamfuta za ta duba ɓari nawa take hangowa, nawa gini ya tare. Nan take ƙarƙashin rumfa ya yi duhu mai taushi, bakin taga ya yi haske, hoto ya fara numfashi. Da injinan 1986 fa, waɗanda wayar da ke hannunka ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba!

Amma inda na fi ƙaunar mutumin nan shi ne 1993. Shi da abokan aikinsa suka ce ba za su shafa wa sama fenti ba, za su bar iska ta haifi launinta da kanta. Takardar ma kan yadda ake ganin duniya daga sararin samaniya ce, da siririn shuɗin nan da ke zagaye bakinta. Suka ɗauko Lord Rayleigh na 1871, wanda ya nuna ƙananan ƙwayoyin da ke cikin iska suna warwatsa shuɗi sama da ninki biyar fiye da ja. Suka haɗa da Gustav Mie na 1908, mai bayanin manyan ɓarɓashi irin ƙura, waɗanda ba sa zaɓen launi sosai, sai dai su yi wa rana farin rawani. Suka jera iska hawa-hawa kamar ɓawon albasa, tana sirancewa in an yi sama, ƙura kuwa yawancinta tana kwance ƙasa-ƙasa. Sannan suka bi haske taku-taku. Da tsakar rana hanyarsa gajera ce, sama ta yi shuɗi. Da almuru yana ratsa iska mai kauri, shuɗin ya zube a hanya, ja ne kawai ke isowa. Babu wanda ya zaɓi jan nan, lissafi ne ya fitar da shi. Idan ka ja ma'aunin ƙura a Blender ka ga sama ta koma fari fat, ranar ta zama kamar faifai, abin da idonka ke gani ke nan a Kano cikin Janairu, lokacin da hazo ya taso daga Bodele ta ƙasar Chadi. A 2005 aka ba Nishita lambar Steven Coons, mafi girma a wannan fage.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai in ga zanen gida an rubuta Kano, amma rana na jingine can kudu kamar a Landan. Kano tana kan digiri 12 arewa. Daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ranar tsaka tana wucewa ta arewa da kai, inuwa ta faɗi kudu. Kuma zawali ba ƙarfe 12 daidai yake ba, yana kaiwa wajen sha biyu da rabi, yana gaba yana baya cikin shekara, kamar yadda kowane ladan ya sani. Ƙarin manhajar Sun Position da ke Blender lissafin hukumar NOAA ta Amurka take bi, wanda ya samo asali daga littafin Jean Meeus, irin lissafin da manhajojin lokutan salla ke yi. Saka wuri, kwanan wata da awa, sannan ka nuna mata ina ne arewa. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa, har na ga an sayar wa mutum baranda mai inuwa a hoto, a zahiri kuwa yamma take kallo.

Mu koma kan tarihi: masu cewa Amurkawa ne suka fara lissafin sama, Preetham suke nufi. Shi da Shirley da Smits na Jami'ar Utah sun fito da nasu a 1999, sun gina kan tsarin Perez na 1993, da ma'auni guda na dusashewar iska. Saurinsa ne ya sa ya karaɗe ko'ina, amma faɗuwar ranarsa ba ta da daɗin kallo. Hošek da Wilkie na Jami'ar Charles da ke Prag suka gyara a 2012, har suka sa hasken da ƙasa ke mayarwa sama.

Paul Debevec kuma ya bi ta wata hanya a 1998: ɗauki hoton sama ta gaske a jikin ƙwallon madubi, ka haska zanenka da shi. Bruneton da Neyret a 2008, da Hillaire a 2020 a injin wasanni na Unreal, suka sa lissafin iska ya yi saurin da wasannin bidiyo za su iya bin rana mai tafiya. Waɗannan sai wani jiƙon, cajin wayata ya kusa ƙarewa.